Tsoron aika rubutu: ta ina marubuci mai zaman kansa zai fara?

Alƙalami_Sabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so mu tattauna da gaske, ba da kalaman ƙarfafa gwiwa kawai ba. Mutum ya iya rubutu, kowa ya shaida, yana kuma son ya mayar da shi sana'a ba tare da ya zama ma'aikacin wani kamfani ba. Ya rubuta saƙon neman aiki, ya karanta shi sau goma, ya kai yatsa kan maɓallin aikawa, sai ya ce bari sai gobe. Goben nan har ta yi wata shida. Shawarar da ake yawan ba shi ita ce ya yarda da kansa. A ganina wannan kamar ka ce wa mai zazzaɓi ya daina jin sanyi ne. Abin da nake iƙirari shi ne tsoro ba ya gushewa kafin a fara, sai dai a shirya aikin yadda zai tafi ko da tsoron yana nan. To masana, mene ne mataki na farko, mene ne na biyu, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Binta_Edita

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo kan mataki sai an rarrabe tsoron, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tsoron a ce masa a'a. Akwai mai tsoron a ce masa to, ya karɓi aiki ya kasa. Akwai mai jin nauyin faɗin kuɗinsa. Sannan akwai mai fargabar wata ya ƙare ba abin da ya shigo, wanda shi wannan ba ciwo ba ne, hankali ne, kuma lissafi ne maganinsa.

Na farkon ne ya fi durƙusar da sababbi, kuma tushensa rashin sanin yadda teburin edita yake. Edita ba ya zama ya auna darajarka. Yana buɗe saƙo ne ya duba abu uku a gurguje: batun ya dace da masu karatunmu, mun riga mun buga irinsa kwanan nan, akwai sauran gurbi da kuɗi a wannan watan. Biyu daga cikin ukun nan ba ruwansu da iyawarka. An ce shiru ma magana ce, amma ban da akwatin imel ɗin edita. Can shiru sau da yawa yana nufin saƙonka ya nutse ne ƙarƙashin wasu.

Tsohon_Ɗan_Jarida

Malama Binta ta buɗe hanya. Bari in ƙara da yadda tsoron ke samun abinci. Duk lokacin da ka fasa aikawa, sai ka ji wani sauƙi a ƙirji nan take. Wannan sauƙin shi ne ke koya wa zuciya cewa gudu ne mafita, gobe kuma ta nemi a maimaita. Masu ilimin halayyar ɗan Adam suna karya wannan ne ta hanyar tunkarar abin tsoron daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, ana maimaitawa har jiki ya saba. Haka za a yi wa rubutu. Mako na farko ka nuna rubutunka ga mutum ɗaya da zai faɗa maka gaskiya. Na biyu ka wallafa da sunanka na ainihi inda baƙo zai iya gani. Na uku ka aika tayi, wato saƙon gabatar da batun da kake son rubutawa, ga ƙaramar kafa wadda ko ta ƙi ba za ka hana kanka barci ba. Manya su zo daga baya.

Sannan ka canza abin da kake ƙirgawa. Kada ka ƙirga amsa, ba a hannunka take ba. Ka ƙirga abin da ka aika. Buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, kowane layi da gurabe shida: kwanan wata, sunan kafa ko kamfani, sunan wanda ka aika wa, batun, ranar da za ka yi tuni, sakamako. Ka ɗora wa kanka tayi 5 a mako. Ranar Juma'a in layuka biyar sun cika, ka ci makon, ko da ba wanda ya ce uffan.

Mai_Shakka

Ranka ya daɗe, tayi 5 a mako ga wanda ba shi da ko samfuri ɗaya? Me zai nuna? Wannan ai zubar da mutunci ne a gaban editocin da zai buƙata nan gaba.

Hauwa_Rubutu

Mai_Shakka yana da gaskiya a rabi. Samfuri ne farko, amma aikin mako biyu ne zuwa uku, ba na shekara ba. Ba sai wani ya buga maka ba kafin a kira shi samfuri. Ka zaɓi fanni ɗaya, ka rubuta maƙala 3, kowace tsakanin kalmomi 800 zuwa 1200, kuma su bambanta a siga: ɗaya mai bayanin yadda ake yin abu mataki-mataki, ɗaya da aka gina a kan hira da masani, ɗaya mai kwatanta abu biyu don mai karatu ya yanke shawara. Ka sa su a Medium, ko LinkedIn, ko shafi na kyauta a WordPress. In ma Google Docs ne, ka tabbata ka buɗe izinin karantawa ga duk mai mahaɗin. Kuskuren da ake yawan yi ke nan: edita ya danna, a ce masa sai ya nemi izini. Ba zai nema ba, zai wuce.

Inda tarkon yake shi ne shiri marar ƙarewa. Yau tambari, gobe launin shafi, jibi wani kwas. Duk tsoro ne ya sa rigar aiki. Samfuri uku sun cika, a fara aikawa.

Garba_K

To batun rubutu kyauta fa, don a samu suna? Wasu na cewa dole ne da farko.

Hauwa_Rubutu

In za ka yi kyauta, ka yi wa kanka, a shafinka, ya zama mallakinka. Yi wa kamfanin da ke cin riba kyauta ba ya kai mutum ko'ina.

Tsohon_Ɗan_Jarida

Ban yarda gaba ɗaya ba, 'yar'uwa. Sau ɗaya ko biyu a kafar da ke da edita na gaske, wanda zai gyara maka rubutu layi-layi ya kuma sa sunanka a sama, akwai riba ko ba kuɗi. Gyaran edita makaranta ce. Sharaɗin dai uku ne: sunanka ya fito, mahaɗin ya zauna, kuma kai ka san ranar dainawa.

Binta_Edita

Tunda an zo kan tayi, ga yadda mai kyau yake. Kalmomi 150 zuwa 200 sun isa. A kan saƙon, wato gurbin take na imel, ka rubuta kalmar tayi da taken maƙalar, ba “neman aiki” ko “gaisuwa” ba. Misali:

“Malama wance, barka da aiki. Masu karatunku da yawa suna canza waya ne saboda batir, ba don wayar ta lalace ba. Ina so in rubuta muku maƙala mai kalmomi 1000 kan abin da ke tsufar da batirin waya, musamman zafi da yawan caji, da abin da mai waya zai iya yi a kai. Zan tattauna da masu gyaran waya biyu da malamin kimiyyar lantarki ɗaya. Na ga kun buga maƙala kan zaɓen caja, wannan za ta ɗora ne daga inda waccan ta tsaya. Zan iya miƙawa cikin kwana 10. Ga samfurin rubutuna guda biyu.”

Ku lura da abin da babu a ciki. Babu “duk da ni sabo ne”, babu “a taimaka mini”, babu tarihin yadda kake son rubutu tun kana ƙarami. Ban haƙuri a layin farko yana sa edita ya fara neman aibin da kai ka nuna masa. Kuma ku lura da bambancin fanni da batu. “Ina so in yi rubutu kan fasaha” fanni ne, ba wanda zai saya. Batu shi ne wanda za a iya ba shi take a faɗe shi da numfashi ɗaya.

Kafin ka aika, ka karanta aƙalla maƙala 10 na kafar, ka nemi shafin ƙa'idojinsu na masu turo rubutu in suna da shi, ka kuma bincika ko sun taɓa batun. Sunan edita kuwa, a duba harufansa sau biyu.

Zulai_M

Ƙari kan tuni. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka amsa a kan saƙon farkon, kada ka buɗe sabo, layi biyu kawai: kana tuni, kuma in bai dace da su ba za ka kai wani wuri. In batun na ɗumi-ɗumi ne wanda zai huce, kwana biyu ya isa, ka kuma faɗi haka tun a saƙon farko. Tuni ɗaya, in ya yi yawa biyu. Daga nan ka gyara tayin ya dace da kafa ta gaba ka aika a ranar. Tun kafin ka aika na farko ka rubuta sunan wuri na biyu da na uku a jadawalinka, don kada a'a ta same ka ba ka da inda za ka nufa. Yawancin zafin ƙin karɓa daga nan yake zuwa, mutum ya rataya komai a ƙofa ɗaya.

Ɗan_Asabe

Duk kuna maganar editoci da jaridu, alhali galibin aikin da ke biyan haya ba can yake ba. Kamfanoni ne masu buƙatar rubutun shafinsu, saƙonnin imel ga kwastomomi, bayanin kaya, rahoto, fassara. Sabo ya fara da dandalin neman aiki na intanet irin Upwork ko Fiverr, inda mai aikin ne ke zuwa da kuɗinsa a hannu. Ya fi sauƙin tsoro a kan buga ƙofar wanda bai neme ka ba.

Zulai_M

Ya fi sauƙin tsoro, amma yana da nasa kuɗin. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, kuma kuɗin kan jira kwana 14 kafin sabon mai sayarwa ya iya cire shi. A Upwork sai ka kashe abin da suke kira Connects, wato makin neman aiki, kafin ka nemi aiki, kuma sun canza tsarin kasonsu fiye da sau ɗaya, don haka a duba shafinsu a ranar, kada a dogara da tsohon bidiyo. Ga gasa da mutanen da ke karya farashi. Ni dai shawarata a ɗauke su kamar wurin koyon tuƙi: a samu ayyuka biyar zuwa goma da shaidar kwastomomi, a lokaci guda ana neman kamfanoni kai tsaye.

Ɗan_Asabe

Na yarda. Sai dai a ƙara da wannan: a Upwork in aikin na ƙayyadadden farashi ne, kada ka rubuta ko harafi sai ka ga an zuba kuɗin kashin aikin da za ka yi a ajiyar dandalin. Kuma kwastoman da ya ce ku koma waje ya biya ka kai tsaye, dokarsu ta hana, asusunka ne zai tafi ba nasa kaɗai ba.

Nasiru_Lissafi

Bari in ɗauki tsoro na uku da Malama Binta ta ambata, na faɗin kuɗi. Mutum yana rawar baki ne saboda lambar da zai faɗa daga iska ya ɗauko ta. In ta fito daga lissafi, ba ka da abin jin kunya.

Ka rubuta abin da kake buƙata a wata, ka haɗa da intanet, wuta, gyaran kwamfuta, haraji da ɗan abin ajiya. Sannan ka raba da sa'o'in da za a biya ka, ba sa'o'in da za ka zauna ba. Mai aiki awa 40 a mako yana da kusan awa 160 a wata, amma ka ɗauka rabi ne kawai na rubutun da ake biya. Saura na neman aiki ne, amsa saƙo, bin bashi, karatu. To ka raba da 80. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka na awa, ba kuma sai ka faɗa wa kowa ba.

Yanzu ɗauki maƙala mai kalmomi 1000 da hira ɗaya. Bincike awa 2. Shirya hira da yin ta awa 1. Sauraron abin da ka naɗa da fitar da maganganun, wata awa ɗaya da rabi. Daftari awa 2 da rabi. Gyaran kanka awa 1. Gyaran da edita zai dawo da shi da musayar saƙo, wata awa 1. Awa 9 ke nan. Sabo kan tuna da awa biyu da rabin nan na daftari kawai, ya yi farashi a kansu, daga baya ya rasa dalilin da ya sa yana aiki dare da rana aljihu ba nauyi. Ka sa agogo a kan ayyukanka biyar na farko, ka ga naka lissafin na gaskiya.

Kuma ka ba da farashi na aikin gaba ɗaya, ba na awa ba in da hali. In ka ƙware ka ƙara sauri, biyan awa hukunta ka yake yi.

Garba_K

Ke nan in a Fiverr ne sai in ƙara kashi 20 a kan abin da nake so, shi ke nan?

Nasiru_Lissafi

A'a ɗan'uwa, nan ake zamewa. In kana son 100 ta shigo hannunka ka sa 120, za su cire kashi 20 na 120, wato 24, ka tashi da 96. Raba za ka yi da 0.8. Sai ka sa 125. Ban da kuɗin cirewa da na canji, su ma a duba su tun kafin a faɗi farashi.

In kuma kwastoma ya ce ya yi tsada, kada ka rage kuɗi aikin yana nan yadda yake. Ka rage aikin: kalmomi 700 maimakon 1000, babu hira, zagayen gyara ɗaya. Kuma in ka rubuta farashi, ka sa aya ka yi shiru. Kada ka biyo shi da “amma ana iya ragewa” tun ba a tambaye ka ba.

Ummu_Khalil

Malam Nasiru, Allah ya ƙara basira. Sai dai farashi ba ya tsayuwa sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ba sai takarda mai shafi goma ba. Imel ɗaya da kwastoma ya amsa da “na amince” ya fi alkawarin baki nesa ba kusa ba. A ciki a faɗi batun da tsawonsa, ranar miƙawa, kuɗi da ranar biya, zagayen gyara nawa ne, wa ke da haƙƙin rubutun, da abin da za a biya in an fasa.

Ga sabon kwastoma, kafin alƙalami kashi 50, saura bayan miƙawa. Kamfanoni da yawa suna biya ne kwana 30 bayan ka aika takardar neman biya, wasu jaridun kuma sai ranar da aka buga, wadda za ta iya jan watanni. Ka tambaya tun farko: biya a kan karɓa ne ko a kan bugawa? Gyara zagaye 2, kuma a rubuta cewa canza batu ko alkibla sabon aiki ne. In ba haka ba za ka ga maƙala ɗaya ta zama uku a kuɗin ɗaya. In an fasa bayan ka yi aikin, a rubuta kason da za a ba ka na wahala, kashi 25 zuwa 50 abu ne da aka saba gani.

Takardar neman biya ta fita a ranar da ka miƙa aiki, da lamba, kwanan wata, bayanin aikin, adadi, ranar ƙarshe da hanyar biya. In ranar ta wuce, washegari ka yi tuni cikin ladabi, bayan mako ka sake, na uku ka sanar cewa sabon aiki ya tsaya sai an biya na baya. Neman haƙƙinka ba roƙo ba ne.

Idris_Shari'a

Gyara kaɗan kan haƙƙin mallaka, don ana yawan ruɗewa. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma yanzu ƙasashe sama da 170 ke ciki, ba sai ka yi rajista ba kafin rubutunka ya samu kariya. Amma kariyar tana kan yadda ka tsara kalmominka ne, ba kan ra'ayin ba. Don haka mai ƙin aika tayi don kada a sace masa ra'ayi ya sani doka ba ta tsare ra'ayi tsura, ɓoyewar kuma ba ta biyan kowa. Abin lura shi ne abin da kake sa wa hannu. Ba da izinin bugawa karon farko daban, sayar da dukkan haƙƙi daban. In rubutu ne da zai fita da sunan wani, ka tambaya a rubuce ko za ka iya nuna shi a matsayin samfuri, don sau da yawa ba a yarda. Haraji kuwa dokar ƙasarka ce ke magana, a tambayi masani a can. Kamfanin Amurka zai iya turo wa wanda ba Ba'amurke ba fom mai suna W-8BEN, ba abin firgita ba ne.

Jummai_22

Akwai tsoron da ya kamata a riƙe, na 'yan damfara. Alamominsu: a ce ka biya kuɗin rajista ko na horo kafin a ba ka aiki. A turo maka fiye da abin da kuka yi a ce ka mayar da ragowa, daga baya biyan farkon ya zama na bogi. A ja ka zuwa Telegram tun a saƙon farko. A nemi lambar sirri ko a ce ka ba da hayar asusunka. Sai gwajin kyauta mai tsawo, kowa a ba shi batu daban, a tattara a wallafa ba a ɗauki kowa ba. Gwaji in ya wuce 'yan sakin layi, a biya.

Mai_Shakka

Duk wannan tsarin ya yi kyau, amma kuna magana kamar muna 2015. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, wa zai biya mutum ya rubuta masa “hanyoyi goma na kaza”? Wataƙila tsoron nan da kuke son kashewa gaskiya yake faɗa wa mutane.

Hauwa_Rubutu

Irin wancan rubutun kam kasuwarsa ta yi sanyi, ba musu. Wanda ya gina sana'arsa a kan tattaro abin da ke shafin farko na Google ya sake masa kalmomi, shi ne ke cikin matsala. Amma na'ura ba ta ɗaga waya ta kira masani, ba ta zuwa ta gani da ido, kuma takan ƙirƙiro madogara da lambobin da ba su wanzu ba ta faɗe su ba ko gezau. Shi ya sa na ce ɗaya daga cikin samfuran nan uku ya zama na hira. Kuma a tambayi kowane kwastoma ƙa'idarsa kan amfani da waɗannan manhajoji, a sa a yarjejeniya.

Binta_Edita

Ƙari ɗaya: manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura suna kuskure, sukan zargi rubutun mutum. Ka riƙa rubutu a inda ake ajiye tarihin canje-canje, kamar Google Docs, ka adana bayanan bincikenka da muryoyin hira. In an zarge ka, ga hujja.

Mai_Shakka

Hujja ba ta dawo da kasuwar da ta tafi. Amma na ji.

Alƙalami_Sabo

Mun yi nisa. A dawo kan tsoro na biyu, wanda ba a taɓa ba: an ce maka to, ga wa'adi, ga farin shafi, ka ji kamar yau asirinka zai tonu cewa ba ka iya ba.

Tsohon_Ɗan_Jarida

Wannan jin yana da suna a ilimi, “impostor phenomenon”. Pauline Clance da Suzanne Imes ne suka bayyana shi a 1978, kuma a kan mata masu ilimi da nasara suka yi nazarin, waɗanda duk da shaidar da ke gabansu suke jin kamar yaudarar mutane suke yi. Abin ɗauka a nan shi ne ƙarin nasara kaɗai ba ya warkar da shi, don haka jiran ranar da za ka ji ka isa ɓata lokaci ne.

A aikace ga abin yi. Kafin ka fara, ka mayar wa edita da layi uku na abin da ka fahimta: batun, wa ake rubuta wa, abin da ba zai shiga ba. Yawancin aikin da ake ƙi, rashin fahimtar umarni ne ya kashe shi, ba rashin iya jimla ba. Sannan ka yi ƙashin maƙalar, kanun sassa da hujjar kowane sashe. Daftari kuwa a rubuta shi ba tsayawa, inda ka rasa lamba ko suna ka sa alama ka wuce. Rubutu da gyara a lokaci ɗaya kamar taka burki da totur ne tare. Mai wahalar zama ya gwada tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo: minti 25 aiki, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu dogon hutu. Ka bar daftarin ya kwana, da safe ka karanta shi da murya, duk inda harshenka ya sarƙe akwai gyara. Na ƙarshe ka bi kowane suna, lamba da kwanan wata ɗaya bayan ɗaya zuwa tushensa.

Ka sa wa kanka wa'adi kwana 2 kafin na gaske. In ka ga ba za ka cika ba, ka sanar da wuri tare da sabuwar rana. Edita na yafe jinkirin da aka sanar da shi. Ɓacewa ce ba ya mantawa.

Binta_Edita

Kuma in rubutu ya dawo jajir da gyara, kada ka amsa a cikin awar farko. Yawan gyara alama ce an karɓi aikin ana son a buga shi. Wanda ba a so ba a ɓata masa tawada. Ka karɓi abin da ya shafi salon gidan ba gardama, ka tsaya kawai inda gyaran ya canza ma'ana ko ya shigo da kuskure, ka kawo hujjarka a layi ɗaya.

Garba_K

To yaushe mutum zai ajiye aikin albashi ya koma wannan gaba ɗaya?

Nasiru_Lissafi

Sai abu uku sun haɗu. Ajiyar da za ta riƙe ka wata 6 ba tare da ko sisi ya shigo ba. Kuɗin rubutu ya rufe buƙatunka na dole wata 3 a jere, kuɗin da ya shigo hannu nake nufi, ba wanda ake bin bashi ba. Sannan kwastomomi aƙalla 3, kada ɗaya ya wuce rabin abin da kake samu. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki ya saki reshe ne ya kama ganye. Kuma ya duba takardar ɗaukarsa aiki, wasu wuraren sun hana aikin gefe.

Ɗan_Asabe

Wata 6 ya yi tsauri, Malam. Da wannan ma'aunin mutane da yawa ba za su taɓa fita ba, zai zama wata sabuwar maɓoyar tsoro kamar yadda Hauwa ta ce game da tambari. Wanda ba iyali a wuyansa, wata 3 ya isa. Kuma mai aikin yini guda awa nawa ya rage masa da zai tara kwastomomi uku?

Ummu_Khalil

Awa ɗaya da rabi kullum kafin fita, da rabin yini a ƙarshen mako, ya haura awa 10. Maƙala ɗaya ke nan a lissafin Malam Nasiru, da ɗan lokacin tayi biyu, ba biyar ba. A rage adadin ya dace da lokacin, kada dai ya koma sifili. Abin da ya fi cutar da waɗanda suka riga suka fita shi ne su daina neman aiki in hannunsu ya cika. Aikin ya ƙare, su waiga ba komai, fargaba ta sa su karɓi duk abin da ya zo a kowane farashi. Ko a makon da ya fi cunkoso a ware awa biyu na tayi, a kuma tuntuɓi tsofaffin kwastomomi, don wanda ya taɓa biyanka ya fi baƙo saurin sake ba ka aiki.

Mai_Shakka

In an yi wata uku ana aikawa, jadawali ya cika, ba ko amsa ɗaya fa? Har yanzu tsoro ne ko kuwa rubutun ne bai kai ba?

Zulai_M

Jadawalin ne zai faɗa. In tayi 30 sun fita ba wanda ya amsa ko da a'a, matsalar ta faru tun kafin a kai ga rubutun: ko adireshin da ake aika wa ba na mai yanke hukunci ba ne, ko kan saƙon, ko batun ya yi faɗi. In ana amsawa ana neman samfuri sannan a yi shiru, samfurin ne, a kai shi wurin wanda zai gyara ba sani ba sabo. In ana kaiwa har maganar kuɗi sannan a watse, ko dai farashin ne ko irin kwastomomin da ake nema. A canza abu ɗaya kawai a tayi goma na gaba, don in an canza uku tare ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Binta_Edita

Alƙalami_Sabo, in akwai wanda tayinsa ke kwance a akwati bai aika ba, ya cire sunan kafar ya liƙo shi nan mu duba layin farko da kan saƙon. Mai_Shakka, har da kai.

Mai_Shakka

Nawa kalmomi 400 ne, Malama. Bari in rage shi tukuna.

Zulai_M

Liƙo shi a haka. Sakin layi na biyu za mu fara dubawa, galibi can batun yake ɓuya.